Aranet4 a cikin coci: abin da ma'aunin iska ke iya faɗa lokacin komawa Misa, da inda yake ruɗin mutum

Yarjejeniyar da majalisar bishop-bishop ta Italiya ta sa wa hannu tare da gwamnatin Giuseppe Conte ranar 7 ga Mayu, 2020, wadda ta buɗe ƙofar komawa Misa, babbar ibadar cocin Katolika, da jama'a daga ranar 18 ga watan bayan an dakatar da ita saboda annobar korona, ta bi abubuwa daki-daki. Tazarar mita ɗaya tsakanin mutum da mutum, takunkumi a fuska, wanda zafin jikinsa ya kai digiri 37.5 ya zauna a gida, kwanon ruwan tsarki na bakin ƙofa a bar shi a bushe, ba gaisuwar salama, mai kaɗa ogan ya zo amma 'yan kwaya su dakata. Iska kuwa jimla ɗaya ta samu: a kula ta riƙa shiga tana fita. Ba a ce nawa ba, ba a ce ta yaya za a gane ta wadatar ba. A lokacin hankalin duniya yana kan goge benci da mariƙin ƙofa. Sai a watan Yuli na shekarar masana 239 suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya cewa korona tana tafiya a cikin iska, hukumar kuma ba ta fito ɓaro-ɓaro da maganar ba sai ƙarshen Afrilun 2021.

Wanda makullin coci ke hannunsa yana iya auna mita ɗaya da igiya, yana iya ƙirga kawuna a bakin ƙofa. Iskar da mutum ɗari biyu suka yi awa guda suna shaƙa suna fitarwa ce ba ta da launi ba ta da wari. Wannan giɓin ne Aranet4, wata na'urar auna iska, ta shigo ta cike, kuma ta cike shi, amma da sharuɗɗan da ba a rubuta a jikin kwali ba, domin an ƙera ta da ofis da aji a rai, coci kuwa wani gini ne daban.

Kamfanin SAF Tehnika na birnin Riga a ƙasar Latbiya ne ke yin ta. Ƴar ƙaramar aba ce mai kusurwa huɗu, kusan santimita 7 kowane gefe, nauyinta bai wuce giram ɗari da ɗoriya ba. Batir biyu ƙirar AA take ci, ba ta da wayar wuta. Allonta irin na takardar lantarki ne, wanda ba ya jan wuta sai lokacin da lamba ta canza, shi ya sa batir ke daɗewa. Tana nuna yawan iskar kabon dayokzayid da manyan lambobi, sai zafi da danshi a sama, sai alamar launi uku a ƙasa. Ana iya sa ta yin awo kowane minti 1, 2, 5 ko 10, kuma tana tura tarihin awon zuwa manhajar waya ta Bluetooth. Abin da ya raba ta da tarkacen da suka cika kasuwa a lokacin annoba shi ne abin awon da ke cikinta, wanda ake kira NDIR: yana haska wani haske da ido ba ya gani ta cikin iskar, ya auna yawan wanda kabon dayokzayid ya shanye. Masu arha da yawa ba sa auna wannan iska sam, ƙamshin sinadarai suke shinshinawa su yi kintace. A cocin da aka ajiye sinadarin wanke hannu a kowace ƙofa, ga turaren wuta, irin waɗancan sai su yi ta haukan tashi da sauka ba dalili. Aranet4 ba ruwanta da barasar sinadarin. A nan kaɗai ta biya bambancin kuɗinta.

Ba ƙwayar cuta take aunawa ba, numfashi take aunawa. Iskar waje tana da kusan kashi 420 cikin miliyan na kabon dayokzayid, abin da allo ke rubutawa 420 ppm. Numfashin da ya fito daga ƙirjin mutum yana da kusan 38,000. Saboda haka duk abin da ya haura 420 a cikin ɗaki, in babu wuta da ke ci, daga huhun wani ya fito. A cire 420 daga lambar da ke allo, a raba da 38,000. In allo ya ce 800, kashi ɗaya cikin ɗari na iskar da kake zuƙa ya riga ya shiga jikin wani ya fito. In ya ce 1,200, kashi biyu ne. In ya kai 2,300, kusan kashi biyar. Wannan lissafin masu bincike biyu, Rudnick da Milton, suka shimfiɗa shi tun 2003, kuma ya fi kowane launi sauƙin bayyana wa kwamitin coci.

Launukan ne ma kuskuren farko. Yadda take fitowa daga kamfani, kore yana tsayawa har zuwa 1,000, ruwan ɗorawa daga nan zuwa 1,400, ja kuma sama da haka. Wannan ma'auni ne na ko ma'aikaci zai ji kasala a teburinsa. Hukumar kula da lafiya da kariya a wuraren aiki ta Birtaniya ta ce, a lokacin annobar korona, wurin da lambarsa ke zama sama da 1,500 iskarsa ba ta da kyau, amma inda ake waƙa ko magana ba tsayawa a riƙe ta ƙasa da 800. Misa waƙa ce da amsa addu'a daga farko har ƙarshe. Ke nan allo zai iya nuna kore a kan 950 alhali an wuce iyaka tuni. A koya wa mai lura ya karanta lamba, ya manta da launi. A kuma shiga manhaja a kashe ƙarar gargaɗi, don kada ta fara kuka daidai lokacin da firist ya ɗaga gurasa.

Kuskure na biyu ya fi wannan zurfi, kuma girman ginin ne ke jawo shi. Baligi a zaune yana fitar da kusan lita 18 na kabon dayokzayid a awa. A ɗauki coci mai tsawon mita 30, faɗin 15, tsayin rufi 12: kubik mita 5,400 ke nan. Mutum 200 za su fitar da lita 3,600 a awa. Ko da an rufe kowace taga ruf, bayan rabin awa lamba ba za ta wuce 750 da 'yan kai ba, a ƙarshen awa kuma tana wajen 1,090. Wato har a gama wa'azi allo yana nuna komai lafiya, alhali ko ƙyas iska ba ta shigo ba, girman rufin ne kawai ke haɗiye numfashin. Wanda ya leƙa sau ɗaya ya ga 700 ya koma ya zauna, an yi masa kitso da ƙwarƙwata.

Maganin shi ne a duba tafiyar lambar. A sa awo kowane minti ɗaya ko biyu, bayan Misa a buɗe zanen da ke manhaja. In layin ya miƙe sama ba lanƙwasa daga waƙar shiga har albarkar ƙarshe, ginin ba ya numfashi. In ya hau sannan ya fara kwanciya ya daidaita, inda ya daidaita shi ne ainihin ƙarfin iskar wurin. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar kan shigar iska a Maris 2021, ta ba da lita 10 na iskar waje a kowace daƙiƙa ga kowane mutum. In an samu haka, layin zai kwanta a wajen 900 da ɗan wani abu. Don a riƙe shi ƙasa da 800 sai an ƙara iska ko an rage mutane. Awon minti ɗaya-ɗaya yana cin batir fiye da na minti goma nesa ba kusa ba, to sai a ajiye wasu biyu a aljihun tebur.

Ranar Lahadi mai Misa uku ko huɗu ce ke tona asiri. Ta farko ta fara daga 420 ta ƙare a 1,090. In an bar ƙofofi a rufe kuma mutanen ta biyu suka shigo lamba tana 900, za su fita ta haura 1,500. Akwai gwaji mai sauƙi da ya kamata a yi kafin a tsara lokutan Misa. Da jama'a sun fita, a kashe kyandirori, a buɗe ƙofofi da tagogi yadda aka saba, a rubuta lambar, a cire 420. Sannan a jira a ga minti nawa ragowar za ta ɗauka ta koma rabi. In minti 40 ne, iskar ginin tana sauyawa kusan sau ɗaya a awa. In 20 ne, sau biyu. In 10 ne, sau huɗu. A ginin da ke yin sau biyu, saukowa daga 1,200 zuwa 600 yana cin minti arba'in da ɗan kai. Tazarar minti goma sha biyar da ake bari tsakanin Misa da Misa ta ishe masu goge benci, ba ta ishe iska ba. A maimaita gwajin da salo daban-daban: babbar ƙofa kaɗai, sannan ita da ƙofar gefe da ke fuskantarta, sannan a ƙara tagogin sama. Yawanci ƙofa ta ƙasa da taga ta sama a ɓangarori biyu masu kallon juna su ne ke kawo babban bambanci, domin iska mai ɗumi sama take nema ta fita. Fankar da aka ajiye a bakin ƙofa tana hura waje tana taimakawa. Fankar rufi da na'urar sanyaya ɗaki mai manne a bango kuwa iskar ciki suke jujjuyawa, za a ji sanyi a jiki amma lamba ba za ta motsa ba, kuma ganin hakan a allo yana kashe gardama da wuri.

Sai maganar wuta, wadda babu ita a ofis. Ƙa'idar Misa ta Roma ta tanadi kyandir biyu aƙalla a bagade, ko huɗu ko shida, bakwai in bishop na dayosis, wato yankin da yake shugabanta, ne ke jagoranta. Ga fitilar da ba ta mutuwa a gaban akwatin Sakramenti, ga jerin ƙananan kyandirori na roƙo a gaban gunkin Maryamu ko na wani waliyyi. Kowane giram na kakin kyandir da ya ƙone yana ba da kusan giram uku na kabon dayokzayid. Dogon kyandir mai cin giram shida a awa yana fitar da lita goma, rabin numfashin mutum ɗaya ke nan. Shida a bagade ba za su canza komai ba a babban coci. Amma ƙananan kyandirori arba'in a kusurwa guda sun kai numfashin mutum goma, kuma in na'urar tana kusa da su za ta yi ta ƙara gishiri. Gawayin kaskon turare ma haka: in mai riƙe da shi ya gifta, lamba za ta yi tsalle ta dawo, kada a firgita. A ƙasashe masu sanyi, na'urar ɗumama ɗaki mai ƙona gas wadda ba ta da bututun hayaƙi tana ɓata awon gaba ɗaya. Daren jajibirin Ista kuwa, da kowa ke riƙe da kyandirinsa, lambar ba ta nufin numfashi ko kaɗan, ga shi allon ba shi da haske na kansa, a cikin duhun farkon bikin ba a ma ganin abin da ya rubuta. Abu ɗaya da bai kamata a ruɗe a kai ba: ba ta auna hayaƙi, ba ta auna kabon monokzayid, gubar da gawayi da gas ke fitarwa. Wannan aikin wata na'ura ce daban.

Wuta tana sa na'urar ta nuna fiye da gaskiya, waƙa kuwa tana sa ta nuna ƙasa da ita, kuma wannan ne ya fi haɗari. Ranar 10 ga Maris, 2020, wata ƙungiyar mawaƙa a gundumar Skagit ta jihar Washinton a Amurka ta yi atisaye na awa biyu da rabi. Mutum 61 suka halarta, 53 suka kamu, biyu suka rasu. Binciken da aka yi a Jami'ar Biristol a wannan shekarar ya nuna ƙarfin murya ne ke ninka ƙananan ɗigon da ke fita daga baki su yi ta shawagi, ko magana ce ko waƙa. Mai waƙa da ƙarfi yana fitar da ɗigon nan ninki da yawa, amma kabon dayokzayid ɗinsa kaɗan yake ƙaruwa. Don haka 800 a wurin 'yan kwaya ba ɗaya take da 800 a wurin addu'ar shiru ba. Ƙari a kan haka, a coci da yawa 'yan kwaya suna kan bene ne a bayan jama'a, inda numfashin kowa mai ɗumi ke taruwa. In na'ura ɗaya ce tak, a kai ta benen Lahadi guda, a gwama da abin da ta nuna a ƙasa.

Inda za a ajiye ta ba wuya. Daidai tsayin kan mutane, tsakanin mita 1.2 da 1.5 daga ƙasa, a jikin ginshiƙi a tsakiyar inda jama'a suka fi yawa. Nesa da bakin kowa da rabin mita aƙalla, mita guda ya fi. Ba kusa da taga ko ƙofa ba, ba a kan bagade ba, ba inda rana ke duka ba. Yara za su gano cewa in sun hura mata lamba tana tashi, manya ma ba a bar su a baya ba. Ba ta da kariya daga ruwa, saboda haka a ɗauke ta daga hanyar yayyafa ruwan tsarki, a kuma cire ta kafin masu feshin magani su shigo, domin ramukan da iska ke shiga a buɗe suke. Girmanta na shiga aljihu, to a danƙa ta ga mutum ɗaya mai suna, ya kawo ya mayar.

Babban zauren coci ba shi ne wurin da ta fi amfani ba. Ƙananan ɗakunan da ba wanda ke tunawa da su ne. Ɗakin da firist ke sa tufafin Misa, mai mita huɗu-huɗu da tsayin uku, in mutum shida suka cunkusu a ciki da ƙofa a rufe, lamba tana ƙaruwa da fiye da 2,000 a awa. Ƙaramin ɗakin sujada na ranakun mako mai kubik mita 180, mutum talatin suna ƙara masa 3,000 a awa. Akwatin furta zunubi shi ne gaba da kowa: kubik mita huɗu, mutum biyu, minti goma sun isa su ƙara 1,500, kuma masu tuba suna shiga suna fita amma firist yana nan zaune awa guda ko fiye. Tun a Maris 2020 kotun Batikan mai kula da sha'anin tuba ta ba da shawarar a riƙa jin furci a wuri mai iska a wajen akwatin, da tazara da takunkumi, ba tare da an taɓa sirrin furcin ba. Awo ɗaya ya isa ya nuna dalili. Na'urar ba ta da makirufo ba ta da kyamara, amma duk da haka a yi gwajin da mutum biyu 'yan sa-kai lokacin da ba a jin furci. Ba dabara ba ce mai tuba ya shiga ya tarar da wata aba mai lambobi tana kallonsa.

Wani amfanin da ba a cika ambata ba shi ne na tsai da yawan mutane. Dokokin farko a wurare da dama adadi ɗaya suka yanke wa kowa. A Faransa an ce mutum 30, har majalisar shari'a ta ƙoli kan harkokin mulki ta umarci gwamnati ta sake dokar ranar 29 ga Nuwamba, 2020. A jihar Niyok an ce 10 ko 25 gwargwadon yanki, Kotun Ƙolin Amurka ta dakatar da hakan ranar 25 ga watan bayan ƙarar dayosis na Burukilin. Adadi ɗaya ga babban katidiral da ɗan ƙaramin ɗakin sujada bai yi wa kowannensu daidai ba: ya takura wa na farko, ya sake wa na biyu da yawa. A ɗaya gefen kuma, wasiƙar da Kadinal Robert Sarah, shugaban ofishin Batikan mai kula da sha'anin ibada a lokacin, ya sa wa hannu ranar 15 ga Agusta, 2020 ta jaddada cewa kallon Misa ta allo ba zai maye gurbin halarta da jiki ba, kuma jama'a suna son dawowa. Tsakanin waɗannan biyu, ma'aunin yana ba firist abin riƙewa. A irin wannan lokaci na taƙaita mutane, a fara da adadin da doka ta yarda, a rubuta kwanan wata, yawan mutane, ƙofofin da aka buɗe, lambar farko da ta ƙarshe. In mako biyu a jere an ƙare ƙasa da 800, kuma doka da bishop sun ba da dama, a ƙara mutane kaɗan a sake dubawa. In an haura, a ƙara Misa ko a gajarta ta.

Akwai abin da ba za ta taɓa gani ba. Ba ta san ko akwai mai cuta a cikin taron ba. Ba ta ganin haɗarin kusa-kusa, na layin karɓar Komuniyo ko cunkoson bakin ƙofa bayan an tashi, inda numfashi ke tafiya daga baki zuwa hanci kafin ya gauraya da iskar ɗaki. Takunkumi da na'urar tace iska suna rage ƙwayar cuta amma ba sa taɓa kabon dayokzayid, don haka lamba ba za ta yaba musu ba ko da suna aiki.

Game da daidaiton awo, takardar kamfanin ta ce kuskurenta 30 ppm ne da ƙarin kashi uku cikin ɗari na abin da ta karanta. A kan 1,000 hakan na nufin 60 sama ko ƙasa, to ba a gardama a kan bambancin 790 da 830. Sau ɗaya a wata a fitar da ita waje, a inuwa, nesa da titi da hayaƙin janareta da bakin mutane, a bar ta rabin awa. Ya kamata ta zauna tsakanin 400 da 450. In ta kauce sosai, a yi mata saiti da hannu a nan wajen. Saitin kai-da-kai da irin waɗannan na'urori ke da shi yana ɗaukar mafi ƙarancin lambar da ya gani a matsayin iskar waje. A cocin da ke zama fanko yawancin mako wannan ba matsala. A ɗakin sujada da ba ya rabuwa da mutane da kyandir dare da rana, lambar ba ta taɓa sauka 420 ba, sai na'urar ta ɗauki gurɓatacciyar iska a matsayin mai kyau, ta riƙa nuna ƙasa da gaskiya. A irin wannan wuri a kashe shi.

Samfurin gida, wato wanda aka yi bayaninsa a nan, Bluetooth kaɗai gare shi, zangonsa gajere ne, kuma katangar dutse da ginshiƙai suna rage shi, don haka wanda ke zaune a ofishin coci ba zai ga abin da ke faruwa a bene ba. Akwai samfurin Pro da ke tura awo ta rediyo zuwa wata tasha ta daban, wanda ya dace da katidiral mai sassa da yawa da ma'aikacin da zai zauna a kai. Cocin unguwa ba ya buƙatarsa. Guda biyu na samfurin gida sun wadatar: ɗaya ta zauna a ginshiƙin tsakiya kowace Lahadi, ɗayar ta yi ta zagaya bene da ɗakin tufafi da ajin katikis da zauren taro, ɗaki ɗaya kowane mako, har littafin rubutu ya nuna waɗanne ƙofofi ne ba za a sake rufewa ba muddin akwai mutane a ciki.